Matatar Man Kaduna: Kafin A Sake Ba Da Wata Kwangilar Gyara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana a kan matatar man Kaduna, wadda ke kan hanyar Kachia a ƙaramar hukumar Chikun. Duk lokacin da aka tayar da zancenta, ko a majalisa ko a rediyo, tambaya ɗaya ake yi: yaushe za ta dawo da fitar da fetur? A ganinmu wannan tambayar ta rage mata daraja, kuma tana cikin dalilan da suka sa ake ta ba da kwangilar gyara ba a taɓa ainihin ciwon ba. Fetur rabin aikinta ne kawai, kuma a yau shi ne rabin da ya fi rauni a kasuwa. Sannan matatar da ba ta da tabbacin samun ɗanyen mai, ko an sabunta kowane ƙarfe da ke cikinta, zama za ta yi.

Tarihinta a taƙaice shi ne, bayan yaƙin basasa motoci da masana'antu suka ƙaru, matatar Fatakwal da Shell da BP suka gina a 1965 ta kasa wadatar da ƙasa, aka shiga ƙarancin mai a tsakiyar shekarun 1970. Gwamnati ta yanke shawarar gina sababbi biyu. Ta Warri ta fara aiki a 1978. Ta Kaduna kuwa an ba kamfanin Chiyoda na Japan kwangilarta a 1977, shekarar da aka kafa NNPC, aka ƙaddamar da ita a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana. Sashen man juye ya biyo baya a 1983. A 1986 aka faɗaɗa sashen fetur daga ganga 50,000 zuwa 60,000, jimilla ta koma 110,000. A 1988 aka buɗe sashen sinadarai mai yin LAB, wato tushen sabulun wanki, tan 30,000 a shekara, kuma a wannan shekarar ce matatar ta zama kamfani mai zaman kansa a ƙarƙashin NNPC, wato KRPC.

Akwai masu cewa siyasa ce kawai ta kawo matata Kaduna, tunda babu rijiyar mai ko ɗaya a kusa. Wannan magana ba ta yi la'akari da lissafin sufuri ba. Tura ɗanyen mai ta bututu ɗaya zuwa tsakiyar kasuwa, a tace shi a can a raba, ya fi arha nesa ba kusa ba a kan ɗauko fetur da kananzir da dizal da kwalta daban-daban daga bakin teku. Ƙasashe da yawa suna da matatu a cikin ƙasa saboda wannan dalili. Kaduna tana da kogi mai ruwa rani da damina, ita ce mahaɗar layin dogo na Legas da wanda ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan, kuma a lokacin tana cike da masana'antu. Daga matatar aka shimfiɗa bututun tataccen mai ta Zariya zuwa Kano da Gusau, wani kuma ya bi ta Jos da Gombe har Maiduguri, da daffo-daffo a manyan garuruwan. Tsarin yana da ma'ana. Rauninsa guda ne, kuma babba: komai ya rataya a kan bututun da ke kawo ɗanyen man.

Ɗanyen man yana tasowa daga Escravos a gaɓar teku, ya ratsa fadamun Neja Delta zuwa Warri, daga nan ya kama hanyar Kaduna, tafiyar kilomita 600 da 'yan kai a cikin bututu mai faɗin inci 16. Mai ba ya yin wannan tafiya da turi ɗaya. Gogayya da bangon bututu tana cinye ƙarfin matsin, ga shi kuma hawa ake yi daga bakin teku zuwa tudu, don haka akwai tashoshin famfo a hanya, irin su Abudu, Auchi, Lokoja, Abaji, Izom da Sarkin Pawa. Kowace tasha tana buƙatar injinan da ke aiki, man da za su sha, ma'aikata da tsaro. Idan ɗaya ta tsaya, yawan man da ke isa Kaduna ya ragu nan take.

A yi lissafi kaɗan. Bututu mai wannan faɗi da wannan tsawo yana cin ganga kusan 450,000 kafin ɗigo ɗaya ya faɗa tankin Kaduna. Idan ana tura ganga 60,000 a rana, man da ya bar Warri yau sai bayan mako guda zai iso. Ganga ɗaya lita 159 ce, saboda haka ganga 60,000 ta haura lita miliyan tara da rabi. Wanda ya ce a kawo wannan da tanka, yana maganar tanka kusan 290 ne masu cin lita 33,000, kowace rana, ba Juma'a ba Lahadi. Babu hanyar motar da za ta ɗauki wannan, babu kuma ribar da za ta rage bayan an biya kuɗin dako.

An riga an ga abin da yankewar bututun ke jawowa. A watan Fabrairun 2006 aka fasa shi a Chanomi Creek, tsakanin Escravos da Warri, matatun Warri da Kaduna suka zauna kusan shekara biyu, sai farkon 2008 mai ya sake gudana. A Janairun 2016 aka sake kai hari kan layin, aka sake rufe Kaduna. Ban da manyan hare-hare akwai masu huda bututu su ɗebi mai, kuma kowace huda tana rage matsi, tana tilasta a tsayar da turi a tono a yi walda. Bututun da aka binne sama da shekara arba'in kuma yana da nasa ciwon ko babu ɓarawo. Ana kare shi daga tsatsa da rufin da ke jikinsa da kuma 'yar wutar lantarki da ake sakar masa daga tashoshi a kan hanya. Idan aka sace wayoyin ko na'urar ta mutu, ƙasa ta fara cin ƙarfen daga waje. Idan mai ya daɗe a tsaye, ruwan da ke cikinsa ya kwanta a wuraren da bututun ya yi kwari, ya ci shi daga ciki. Ba a sanin yawan ɓarnar da ido. Sai an tura na'urar awo ta cikinsa daga tasha zuwa tasha ta auna kaurin bango, sannan a cika shi da ruwa a matsa fiye da yadda za a matsa mai, a ga inda zai fashe. Duk sanarwar gyaran matata da ba ta zo da sakamakon wannan awo ba, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Yanzu mu shiga cikin matatar. A gaskiya matatu biyu ne a shinge ɗaya, kowace da hasumiyar tacewarta da irin ɗanyen man da take ci.

Ta farko, mai ganga 60,000, tana cin man Nijeriya. Ana fara wanke shi da ruwa a zafin da ya kai digiri 130 ko kusa da haka domin a cire gishiri, don gishirin da ya wuce yakan koma asid a saman hasumiya ya huda bututai. Daga nan a shigar da shi tanderu a kai shi digiri 350 zuwa 370, ya shiga hasumiya yana tururi. Mai sauƙi ya hau sama, mai nauyi ya tsaya ƙasa: gas na girki da nafta a can ƙoli, kananzir a ƙasansu, sai dizal, sai ragowa mai kauri a gindi. Naftar da ta fito haka ba fetur ba ce, injin mota zai yi ta ƙwanƙwasa idan aka zuba masa ita. Sai an cire mata farar wuta da haidirojin, a wuce da ita kan sinadarin da ke ɗauke da filatinam a zafin digiri 500, ƙarfinta ya tashi. Wannan sinadari yana da tsada ƙwarai, kuma farar wuta kaɗan ta isa ta kashe shi, don haka sakaci a sashen da ke gabansa asara ce ta miliyoyin daloli. Ragowar mai kauri kuma ana sake tace ta a hasumiyar da aka zuƙe wa iska, a kai abin da ya fito sashen FCC, mai cin ganga 21,000 a rana, inda garin sinadari mai zafi ke farfasa mai nauyi ya koma fetur da gas. A wannan sashe garin yana zagayawa ba tsayawa tsakanin inda yake aiki, a digiri 500 da ɗoriya, da inda ake ƙone baƙin da ya kama shi, a kusan digiri 700. Idan FCC ba ya aiki, matatar tana fitar da baƙin mai da yawa da fetur kaɗan, kuma baƙin mai ya fi ɗanyen man da aka saya arha. Ta nan ne matata ke iya yin hayaƙi kullum, jama'a na murna, alhali asara take tafkawa.

Ta biyu, mai ganga 50,000, ita ce babu irinta a sauran matatun NNPC. An gina ta domin man juye, kaki da kwalta. Mutane sukan yi mamaki, wasu har su ce zamba ce, idan suka ji cewa ƙasa mai arzikin mai ta riƙa sayo ɗanyen mai daga Benezuwela da Kuwait da Saudiyya tana kawowa Kaduna. Babu zamba a ciki. Man Nijeriya yana da kyau wajen fetur da dizal, farar wutarsa ba ta kai kashi 0.2 cikin ɗari ba a yawancin nau'o'insa, amma ragowarsa kaɗan ce, ba ta ba da kwalta mai kyau, kuma man juyen da za a samu daga gare shi yana saurin tsinkewa idan inji ya ɗau zafi. Man Larabawa yana da farar wuta kusan kashi 2 cikin ɗari, amma yana da irin ragowar da ake so. Jirgin ruwa kan sauke shi a Escravos, a turo shi ta wannan bututu guda, kashi bayan kashi, na gida ya wuce na waje ya biyo, a raba su a tankuna daban idan sun iso. Wato bututu ɗaya ke ciyar da matatu biyu, kuma sashen man juye yana buƙatar dala kafin ya ga ganga ɗaya.

Aikin wannan sashe yana da matakai, kowane da sinadarinsa. Bayan tacewa a hasumiyar da babu iska, ragowar gindi ana wanke ta da ruwan gas na furofen, ya janyo mai mafi kauri da daraja, ya bar kwalta. Kwaltar ana hura mata iska a zafin digiri 250 ko kusa da haka har ta kai taurin da masu titi ke nema, irin 60/70 da 80/100. Man da aka janyo ana wanke shi da sinadarin furfural domin a cire abubuwan da ke sa shi baƙi da saurin lalacewa. Sannan a gauraya shi da sinadaran MEK da toluwin, a sanyaya shi ƙasa da sifiri da digiri 15 zuwa 20, kakin da ke ciki ya daskare, a tace shi a kan manyan gangunan tacewa masu juyawa. Abin da ya wuce shi ne tushen man juye, wanda kamfanoni ke saya su ƙara masa sinadarai su zuba a galan. Kakin kuma a tsarkake shi, ya tafi wurin masu kyandir, ashana, man shafawa da takardar naɗe kaya. Duk waɗannan sinadarai ana dawo da su a sake amfani da su. Idan famfuna suna yoyo ko na'urar sanyaya ta yi rauni, sinadarin ya riƙa ɓacewa, kuma daga waje ake sayo shi. Matatar tana da masana'antar garwa da duro a cikinta, domin a zuba kananzir da man juye da kwalta a kai ƙauyuka da wuraren aikin titi.

Sashen LAB yana ɗaukar kananzir ya zare wani ɓangare nasa, ya haɗa da benzin da aka samo daga sashen fetur. Abin da ya fito shi ne tushen sabulun gari da na ruwa da ake wanki da su a kowane gida. Wannan sashe ba ya rayuwa shi kaɗai: idan babu kananzir daga hasumiya ta farko, ko sashen filatinam ya tsaya, shi ma ya tsaya.

Wanda ya san Kakuri a shekarun 1980 ya san abin da wannan ke nufi ga gari. Masaƙar KTL tana nan tun 1957, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, ga kamfanin ƙera makamai na DICON, ga kamfanin Peugeot da ya fara haɗa motoci a 1975, ga kamfanin takin zamani. Masaƙa ba ta rini ba ta busar da yadi sai da tururi, tururi kuma daga tukunyar da ke ƙona baƙin man masana'antu, LPFO, yake fitowa, kuma ga shi a bayan gari. Masana'antun Bompai da Sharada da Challawa a Kano, da kamfanonin siminti na Sakkwato da Ashaka, duk sun dogara da wannan mai. Ba mu ce tsayawar matata ce kaɗai ta kashe masaƙun ba. Akwai fasa-ƙwaurin atamfa, akwai rashin wuta, akwai faɗuwar naira da raguwar auduga. Amma lokacin da baƙin mai ya zama sai an yi layi an nemi alfarma, ko a ɗauko shi daga kudu da tsada, ya ƙara wa masaƙun nauyin da masu gasa da su a waje ba su ɗauka. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe a 2007. A ɗaya gefen garin, Sabon Tasha da Mararaban Rido da unguwannin da ke kan hanyar Kachia sun cika ne da ma'aikatan matata, direbobin tanka, makanikai, masu walda da masu abinci. Garin da ya taɓa kasancewa nesa da shingen matatar yau ya zagaye ta.

Me ya lalata ta, ban da bututu? Abu na farko rashin garambawul a kan lokaci. Ƙa'ida ita ce duk bayan shekara biyu a kashe matata na 'yan makonni, a buɗe hasumiyoyi da tanderu da na'urorin musayar zafi, a kankare, a auna kaurin ƙarfe, a canza abin da ya ci. Ana shirya wannan tun shekara guda kafin ranar, don wasu kayan sai an yi odarsu an ƙera. A Kaduna an sha tsallake wa'adi da shekaru, saboda shugabannin matatar ba su da ikon kashe irin wannan kuɗi sai an je Abuja an dawo. Bututun tanderu da ba a kankare ba yana tara baƙi a ciki, zafi ya kasa ratsawa, a ƙara wuta, ƙarfen ya kumbura ya fashe. Yawancin gobarar tanderu haka take farawa.

Abu na biyu, wanda ba ya shiga jarida, ruwa ne da wuta. Matatar tana janyo ruwanta daga kogin Kaduna, ta tace shi, ta cire masa duk gishirin ma'adinai, ta dafa shi a manyan tukwane ya zama tururi, tururin ya juya injinan da ke ba ta lantarki. Da damina kogin yana zuwa da laka. Idan sashen tace ruwa ya gaza, ma'adinai su daskare a bututan tukunya da fukafukan inji, bututu ya fashe, tururi ya faɗi, wuta ta ɗauke. Ɗaukewar wuta ta minti biyar a matata ba ƙaramin abu ba ne. Famfuna su tsaya, mai ya tsaya a cikin tanderu mai zafi ya ƙone, garin FCC ya zube ya toshe hanyoyi, bulon da ke rufe cikin tukwanen ya tsage saboda saurin hucewa. Tayar da sashen kuma yakan ɗauki kwanaki. Matatar da ake kashewa ana kunnawa sau goma a shekara ta fi wadda ta yi shekara biyu tana aiki ba tsayawa tsufa.

Abu na uku shi ne zaman da ta yi. Asusun shekarar 2018 da NNPC ta wallafa a 2020 ya nuna KRPC ba ta samu kuɗin shiga ba sam, ta kuma yi asarar sama da naira biliyan 60. Matata a tsaye tana lalacewa fiye da mai aiki, sai fa idan an adana ta bisa ƙa'ida: a zubar da ruwa, a busar, a cika tukwane da bututai da iskar naitirojin, a riƙa juya sandunan famfo da hannu lokaci-lokaci don kada su lanƙwashe, a riƙa ɗumama manyan motocin lantarki don kada danshi ya shiga. Inda ba a yi haka ba, ruwan sama yakan shiga ƙarƙashin rufin da ke naɗe da bututai ya ci ƙarfen a ɓoye, gindin tankuna ya hude, robobin da ke hana yoyo su bushe. Shi ya sa ƙiyasin gyaran da aka yi kafin a buɗe kayan kusan kullum yakan gaza.

An gwada sayarwa. A 2007, dab da saukar Shugaba Obasanjo, aka sayar da kashi 51 na matatar ga gamayyar Bluestar, wadda Aliko Dangote ke ciki, a kan dala miliyan 160. Ƙungiyoyin ƙwadago suka ƙi, a zamanin Shugaba 'Yar'aduwa aka warware cinikin aka mayar da kuɗi. A Agustan 2021 majalisar zartarwa ta amince da kusan dala miliyan 587 domin gyaran Kaduna. A Fabrairun 2023 aka sa hannu da kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu a kan gyaran gaggawa na kusan dala miliyan 741, da niyyar a dawo da kashi 60 cikin ɗari na ƙarfinta kafin ƙarshen 2024. Shekarar ta ƙare ba a ga mai ba. A lura kuma, hasumiyar tacewa ba ta aiki yadda ya kamata idan abin da ke shigarta ya yi ƙasa da rabin abin da aka gina ta dominsa, don tururin da ke hawa ba ya isa ya riƙe ruwan da ke kan farantai. Idan aka gyara matata amma bututu na kawo ganga 25,000 yau, gobe babu, ba za a samu kaya mai inganci ba. Darasin Fatakwal da Warri yana nan sabo: an yi bikin tayar da su a ƙarshen 2024, cikin 'yan watanni duka biyun suka sake tsayawa.

Kasuwar ma ta canza. An cire tallafin fetur a Mayun 2023, matatar Dangote mai ganga 650,000 ta fara fitar da fetur a Satumban 2024. Sashen fetur mai ganga 60,000, na fasahar shekarun 1970, ba zai kayar da wannan a farashin bakin ƙofa ba. An tsara shi a zamanin da ake zuba dalma a fetur, babu mai tambayar yawan farar wuta a dizal. Yau ƙa'idar da ƙasashen ECOWAS suka amince da ita kashi 50 ce cikin miliyan, kuma ba a kaiwa nan sai da sabon sashen cire farar wuta da isasshen haidirojin. Abin da ya rage wa fetur ɗin Kaduna shi ne kusanci. Litar da ta taso daga Legas tana yin kilomita dubu a kan tanka kafin ta kai Kano, ta fi haka nesa kafin Maiduguri, kuma yanzu mai saye ne ke biyan wannan dako. Ana biya da rayuka ma, kamar yadda aka gani a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda mutum sama da 150 suka rasu a gobarar tanka. Amma wannan riba ta kusanci ba ta tabbata sai bututan Kano da Gusau da Jos da Maiduguri suna aiki. Idan tanka ce za ta kwashe komai daga Kaduna, rabin amfanin ya tafi.

Sashen man juye kuwa lissafinsa daban ne. Nijeriya tana shigo da tushen man juyen da take amfani da shi, tana shigo da kwalta da kaki, alhali kowace jiha tana shimfiɗa titi, kowane ɗan acaba da mai Keke Napep da mai janareto yana juye. Gaskiya ne duniya tana komawa ga man da ake tacewa da haidirojin, wanda sababbin motoci ke buƙata, kuma irin na Kaduna tsohon yayi ne. Sai dai rufe irin waɗannan tsofaffin matatu a Turai ya sa mai mafi kauri da kaki sun yi ƙaranci, don sababbin ba su cika fitar da su ba, kuma manyan motoci, injinan masana'antu da giris har yanzu su suke nema. Wannan kasuwa ce da za a iya auna ta da alƙalami. Abin takaici, a duk bayanan da ake yi wa jama'a a kan gyara, da wuya a ji an ambaci wannan sashe, ko a faɗi daga ina ɗanyen mansa zai fito da wanda zai biya dalarsa.

Ana yawan kawo man Kolmani, a iyakar Bauchi da Gombe, da na Agadem a Nijar a matsayin mafita. Muna fatan alheri a kansu, amma a yi maganar da awo. Matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram, mai ganga 20,000, tana aiki tun 2011 saboda an gina ta tare da bututunta daga Agadem, mai tsawon kilomita 460 da 'yan kai, an kuma tsara ta a kan irin man da zai shige ta. Ragowar man Nijar yanzu ya samu hanya zuwa gaɓar Benin ta bututu mai kusan kilomita 2,000. Kafin wani sabon mai ya shiga Kaduna, dole a kai samfurinsa ɗakin gwaji a san yawan kakinsa, asid ɗinsa, zafin da yake daskarewa da abin da kowace ganga za ta bayar, a kuma tabbatar da yawan da rijiyoyin za su iya bayarwa na shekara ashirin. Bututun gas na AKK, wato Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, shi ne ya fi kusa da taimaka wa matatar kai tsaye, domin idan tanderu da tukwanen tururi suka koma ƙona gas, man da take ƙonawa don ta rayu zai koma na sayarwa.

Roƙonmu ga 'yan majalisar da ke wakiltar jihohin Arewa, da gwamnatin jihar Kaduna, da 'yan jarida irinku, shi ne a sauya tambayoyin. A nemi NNPC ta fito da rahoton awon bututun Escravos zuwa Kaduna da halin da kowace tashar famfo ke ciki. A tambayi tukwanen tururi nawa da injinan wuta nawa ne aka gwada suka ɗauki cikakken nauyi. A bayyana ko kwangilar da ake kai ta haɗa da sashen man juye da na LAB, in kuma ba ta haɗa ba a faɗi dalili. Kada a karɓi aiki daga ɗan kwangila don an ga wuta a bakin bututun hayaƙi. A riƙe wani kaso na kuɗinsa sai matatar ta yi wata uku tana aiki ba tsayawa, kayanta suna cin gwajin inganci. Wanda zai gudanar da ita kuma, ko ɗan kasuwa ne ko NNPC, ya zama yana da ikon sayen kayan gyara da kansa, kuma aljihunsa ya ji idan ta tsaya. A haɗa da horar da matasa tun yanzu, don waɗanda Chiyoda ta koya wa aikin sun yi ritaya, kuma ba a koyon tayar da FCC daga littafi.

Akwai batun da bai kamata ya jira kowace kwangila ba. Sashen LAB yana aiki da asid ɗin HF, wanda idan ya tsere yakan zama hazo mai bin ƙasa, ya ƙone huhu, ya ratsa fata har ƙashi. Ruwan da matatar ke zubarwa kuma rafin Romi yake bi, inda ake noman rani, kafin ya faɗa kogin Kaduna. Mutanen Rido da Kapam da Juji da sauran unguwannin da suka matso jikin shinge suna da haƙƙin a gaya musu irin sinadaran da ke ajiye a tankunan, yaushe aka auna kaurin tankunan, wace ƙara za su ji idan an samu yoyo, ta wace hanya za su bi su kauce wa iska, da asibitin da aka tanadar wa maganin ƙunar wannan asid. Hukumar NMDPRA mai sa ido kan tace mai da rarraba shi, da hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna su auna ruwan rafin da na rijiyoyin unguwannin, rani da damina, su liƙa sakamakon a ofishin ƙaramar hukumar Chikun da fadar masu unguwanni inda kowa zai gani.

Wassalam.

Daga wasu injiniyoyi masu bibiyar harkar tace mai,
Kaduna.